Batir biyu cikin wata takwas: ina matsalar take?

Tambaya: Ina zaune a Tumfure, cikin Gombe, ina da Toyota Corolla ƙirar 2008. Cikin wata takwas na sayi sabon batir har sau biyu, amma idan motar ta kwana biyu a ajiye ba ta tashi, sai an kawo wani batir an haɗa mata. Batiran ne jabu, ko wata matsala ce daban?

Amsa: Malam, akwai jabun batir a kasuwa, amma a ce biyu sun mutu a jere a mota ɗaya, wannan ya fi nuna cewa wani abu ne a jikin motar yake kashe su. Aikin batir shi ne tayar da inji; da zarar inji ya kama, altaneta ce ke ɗaukar nauyin wutar mota, tana kuma mayar wa batir abin da ya rasa. Saboda haka kada ka sayi na uku sai ka je wurin rewaya mai mitar auna wuta, an yi awo a gabanka.

Batir mai cikakken caji, idan ya huta na wasu awoyi, yakan nuna kusan volt 12.6, idan kuwa ya nuna 12.2 to rabin cajinsa ya tafi. Bayan an tayar da mota, ya kamata awon ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ya tsaya ƙasa da 13, altaneta ba ta caji, sai a duba ko fambel ya saki ko kabon ɗinta, wato 'yan guntayen da ke gogawa a cikinta, ya cinye. Idan ya haura 15, cajin ya yi yawa, ruwan batir zai riƙa ƙonewa, jikinsa ya kumbura, ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma zafin Gombe na watan Maris da Afrilu yana ƙara hanzarta wannan ɓarna.

Amma yadda ka ce sai ta kwana biyu a ajiye take mutuwa, zargina ya fi karkata ga wani abu da ke shan wuta bayan an zare makulli. A kashe mota, a rufe ƙofofi, a jira kamar rabin awa, sannan a cire wayar negatif daga kan batir, a sanya mita tsakanin kan da wayar. Abin da lafiyayyar mota ke ja a wannan hali bai cika wuce miliyam 50 ba (miliyam ma'auni ne na yawan wutar da ake ja). Idan ya wuce, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Sau da yawa rediyon da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba ne, ko na'urar bibiyar mota, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Idan duk an zare lambar ba ta sauka ba, a cire babbar wayar altaneta, domin dayod ɗinta, wato abin da ke hana wuta komawa baya, idan ya ƙone, wuta na komawa ta cikinsa cikin dare. Na sha taɓa altaneta da asuba in ji ta da ɗumi, alhali motar ta kwana a kashe.

Ka duba kawunan batir ma. Farin garin nan mai ɗan kore da ke taruwa a kansu yana hana caji shiga, don haka a kankare shi, a ɗaure su tamau yadda hannu ba zai iya murɗa su ba.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yarda kowa ya cire kan batir inji na aiki da sunan gwada altaneta. Wannan dabara ta tsofaffin motoci ce, a irin taka kuwa wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda ke da tsada. Shi kuma batirin da ke kai yanzu, a kai shi a yi masa caji a hankali har ya cika kafin a yanke masa hukunci, domin mai yiwuwa bai mutu ba tukuna.