Ga mai tambaya kan kumburin muƙamuƙi

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce wata biyar ke nan gefen muƙamuƙinki na dama ya yi tudu, da safe ciwon ya fi tsanani, kin sha maganin hangum bai saɓe ba. Ni ma na yi fama da irinsa nan Tawa.

Hangum ba ya kai wata biyar, da zazzaɓi yake zuwa, cikin kwana 10 ya faɗa. Ki ɗora yatsu a wurin, ƙasa da kunne kaɗan, ki cije haƙora da ƙarfi. In tudun ya taso ya yi tauri kamar dutse, da kin saki ya yi laushi, to alama ce tsokar tauna ce ta yi ƙato saboda aiki ya mata yawa. Haka likitan haƙori ya yi min, sannan ya leƙa bakina ya nuna min turamena sun side, sun yi sumul. Ashe cizon haƙora nake cikin barci. Maigidana ya daɗe yana jin ƙarar da dare, bai ɗauke ta ciwo ba. Ga cingam da ba ya barin bakina in ina kan keken ɗinki, kuma duk a gefe guda nake taunawa.

Duk da haka sai da likitan ya tura ni eko, wato hoton da ake ɗauka da na'ura a ga cikin jiki, don ƙari da ciwon wurin da ke yin yawu su ma a nan suke kumbura. Kada ki tsallake wannan. Kuma don Allah kada ki bari wanzami ya yi miki tsaga ko ƙaho a wurin, jijiyar da ke motsa fuska ta nan take bi.

An auna bakina aka yi min wata roba da nake sawa a haƙora in zan kwanta. Na bar cingam da goro, cuku da kilishin Madawa ma na haƙura da su wata uku, abin da ya fi yi min wuya ke nan. Safe da dare ina gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ciwon ya lafa cikin makonni, tudun kuwa a hankali ya ragu.

Akwai allurar Botox da ke sassauta tsokar, amma aikinta wata 4 zuwa 6 ne, sai a sake, ga tsada, kuma ƙwararre kaɗai ya kamata ya yi ta. Ni ban kai can ba. In kin ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko tudun na ƙaruwa da sauri, ki tafi asibiti ranar nan.