Yadda za ka gane ejan ɗin inshora mai damfara

Ɗan'uwa ka tambaya ya ake gane ejan ko dillalin inshora na bogi. Kar ka kuskura ka tura kuɗi asusunsa na kansa, sai na kamfani kuma ka karɓi rasit, don a nan cutar take, ya cinye kuɗin ya buga maka takardar jabu, sai ranar da tsautsayi ya faɗa ka je neman diyya a ce ba a san da kai ba, wallahi abin na min ciwo. Duba lasisinsa wajen hukumar inshora ta ƙasarku, sannan kira kamfanin da kanka su tabbatar da lambar takardarka. Fom ɗin da ba a cike ba kar ka sa masa hannu.