Baƙaƙen fata da mata a tsofaffin fina-finan 'yan daba na Italiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko baƙaƙen fata da mata sun samu gurbi a fina-finan 'yan sanda da 'yan daba na Italiya na shekarun 1970. Baƙaƙen fata kaɗan ne. Woody Strode, baƙar fata ɗan Amurka, ya fito a fim ɗin La mala ordina na darakta Fernando Di Leo a 1972, a matsayin makashin haya da aka turo Milan. Ɗan wasa Tomas Milian kuwa ba baƙar fata ba ne, baƙo ne haifaffen Havana, babban birnin Cuba, amma da aka ɗora masa muryar ɗan wasan Italiya Ferruccio Amendola sai ya koma ɗan Roma tsantsa. Mutanen kudancin Italiya, 'yan Sisili da Napoli, su aka fi ba rawar 'yan mafiya. Mata ne abin ya fi damuna a kansu: sau da yawa cin zarafinsu kawai ake nunawa, domin jarumi ya samu dalilin ɗaukar fansa.