Tambaya da Amsa: Wane giyabos na hannu ya dace da Chevelle ta 1970?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin birnin Houston ne a jihar Texas ta Amurka, kuma na sayi tsohuwar mota ƙirar Chevrolet Chevelle Malibu ta shekarar 1970 ina gyara ta sannu a hankali. Injinta na asali mai lamba 350 (lambar girman inji) an buɗe shi an mayar da shi 383, kuma bakaniken da ya yi aikin ya ce ƙarfin murɗawarsa ya kai kimanin 450 a ma'aunin lb-ft. Motar ta zo da giya otomatik, ni kuwa ta hannu nake so. Lambar aksil ɗin baya 3.73 ce, wato furofela tana juyi 3.73 kafin taya ta yi juyi ɗaya. Abokai sun raba mini hankali: wasu sun ce in nemi Muncie mai giya huɗu irin na zamanin motar, wasu sun ce Tremec mai biyar, wani kuma ya dage sai mai shida. Ba tsere zan yi da ita ba, amma ina son in riƙa zuwa Dallas da ita lokaci-lokaci. Wanne zan saya? Daga mai karatu a Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Shawarata ita ce ka sayi mai giya biyar, wato Tremec TKX, wanda giyarsa ta ɗaya take 2.87, ta biyar kuma 0.68 (lambar giya ita ce yawan juyin inji a kowane juyi ɗaya na furofela). Ba yawan giya ya kai ni ga wannan hukunci ba, abubuwa biyu ne da ka ambata da bakinka, wato lambar aksil ɗinka da kuma hanyar Dallas.

Abokanka masu son Muncie suna da hujja, domin shi ne giyabos ɗin da kamfanin General Motors ya riƙa sa wa motocinsa masu ƙarfi tun daga 1963 har zuwa 1974, kuma sunan garin da ake ƙera shi a jihar Indiyana ya ɗauka. Iri uku ne: M20, wanda giyarsa ta ɗaya take 2.52 a shekarun motarka, sai M21 mai 2.20, sai M22 da shi ma yake 2.20 amma aka rage karkacewar haƙoransa don ya ƙara juriya, abin da ya sa yake kuka har aka yi masa laƙabi da Rock Crusher, wato mai niƙa dutse. Kamfanin Ford yana da nasa Toploader, Chrysler kuma yana da A-833, kuma dukansu a motocin wancan zamani wuri ɗaya suke tsayawa: giya ta huɗu ɗaya bisa ɗaya ce, ma'ana duk juyin da inji ya yi, shi furofela za ta yi, babu ragi.

Ga yadda wannan zai shafe ka a kan titi. Idan kana son sanin juyin inji a minti, sai ka ninka gudun mota a mil da lambar aksil da lambar giya da 336, sannan ka raba da tsayin taya a inci. Mu ɗauka tsayin tayarka inci 26 ne, kana kuma tafiyar mil 70 a awa, wato kimanin kilomita 113. Da Muncie a giya ta huɗu, injinka zai riƙa juyi kusan 3,370 a minti, kuma haka zai yi ta ruri tsawon kimanin mil 240 da ke tsakanin Houston da Dallas, a cikin zafin Texas, yana shan mai yana cika maka kunne. Da giya ta biyar mai 0.68, juyin zai sauko zuwa wajen 2,290 a wannan gudun. Bambancin da ya haura juyi dubu a kowane minti shi ne abin da za ka biya kuɗi a kansa, kuma a ganina ya cancanci kuɗin.

Mai son Muncie zai iya cewa ka sauya aksil zuwa 3.08 juyin ya ragu. Zai ragu, amma sai matsalar ta koma wajen tashi. Masu wannan sana'a sukan ninka giya ta ɗaya da lambar aksil, su nemi sakamako wajen tara zuwa goma ko sama kaɗan ga motar yawo a gari. M21 da aksil 3.08 bai kai bakwai ba, don haka a kowace danja sai ka ja kuloci kana ba da wuta kafin mota mai nauyin Chevelle ta motsa, kuma a cunkoson Houston farantin kulocin ba zai yi tsawon rai ba. Giya huɗu tana tilasta wa mutum ya zaɓi ɗaya, ko daɗin tashi ko natsuwar babbar hanya. TKX mai 2.87 da aksil ɗinka na 3.73 yana ba da 10.7, wanda yake daidai. Akwai wani samfurinsa mai 3.27 a giya ta ɗaya, amma ka bar shi ga masu aksil 3.08 ko ƙaramin inji, domin a motarka lissafin zai wuce 12, kafin ka gama tsallaka mahaɗa giya ta ɗaya ta ƙare. Haka kuma akwai mai 0.81 a ta biyar, wanda ya fi dacewa da filin tsere, inda ba a son juyi ya faɗi sosai tsakanin ta huɗu da ta biyar, amma kai zai bar ka a wajen 2,730.

Batun mai shida kuwa, T56 Magnum abokinka yake nufi, kuma babu mai musun ƙarfinsa, tunda an ƙayyade masa 700 lb-ft alhali TKX 600 ne. Sai dai injinka 450 yake bayarwa, saboda haka ƙarin ƙarfin ba zai amfane ka da komai ba, kuma za ka biya shi ta wata fuskar. Magnum ya fi nauyi da sama da fam talatin, ya kuma fi kauri, ta yadda a Chevelle ta wannan zamani sau da yawa sai an yanke tudun da ke tsakiyar daɓen mota an ɗaga shi an yi walda kafin ya shiga. Kamfanin Tremec ya fito da TKX a 2020 da siririn jiki musamman don ya kwanta a tsofaffin motoci ba tare da yanka mai yawa ba, abin da magabacinsa TKO ya sha jawo wa masu Chevelle. Sannan giya ta shida mai 0.50 za ta sauke ka ƙasa da juyi 1,700 a mil 70, kuma injin da aka sa wa kam mai zafi, wato sandar buɗe bawul irin ta neman ƙarfi, kamar yadda aka saba yi wa 383, yakan riƙa fizga a irin wannan ƙaramin juyi, ka ga ka sayi giyar da ba ka jin daɗin shiga. Idan wani ya kawo maka T5, wani giyabos mai giya biyar, da araha, ka gode masa kawai, domin ƙarfinsa wajen 300 ne, injinka zai karya shi.

Da a ce motarka Chevelle SS 454 ce ta asali mai babban injin LS6, wadda lambar jikinta take buge a kan giyabos ɗin da ta fito da shi daga masana'anta, da na ce kada ka kuskura ka raba ta da M22, domin darajar irin wannan mota a kasuwa tana rataye ne da kayanta na asali. Malibu da aka riga aka sauya wa inji ba ta da wannan nauyi a wuyanta. Duk da haka ka adana tsohon otomatik ɗin a gareji, wataƙila mai saye na gaba ya tambaya.

Ka kuma sani kuɗin giyabos kashi ɗaya ne kawai na abin da za ka kashe, tunda daga otomatik kake tasowa. Kana buƙatar fedar kuloci da ta birki irin ta motar hannu, da filawil da ya dace da ma'aunin injin 383 ɗinka, domin wasu daga cikinsu da filawil ake daidaita nauyinsu, don haka ka tambayi bakaniken da ya haɗa shi. Kana buƙatar farantin kuloci mai haƙora 26, da kaskon da ke haɗa inji da giyabos, da gindin ƙarfen da giyabos zai zauna a kai, sannan a auna furofela a gyara tsawonta. Kulocin mai aiki da mai ya fi na sandunan ƙarfe laushi a ƙafa, kuma ba ya rigimar wuri da bututun salansa. Idan kujerar gabanka doguwa ce irin ta benci, ka auna inda sandar giya za ta fito kafin ka yi oda, domin TKX yana da wurare uku da ake iya ɗora ta.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne daidaita kaskon nan da tsakiyar karanshaf. Kamfanin bai yarda kaucewar ta wuce inci 0.005 ba, kuma ido ba ya ganin wannan, sai an ɗaura agogon awo an juya inji ana karantawa, idan ta wuce a gyara da fil masu karkataccen kai. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sami giya mai taurin shiga da boris mai saurin ci, ya ɗora laifin a kan sabon giyabos alhali haɗin ne bai yi daidai ba. Wajen mai ma ka kula, domin TKX ba ya son man giya mai kauri irin wanda ake zuba wa Muncie, mai tsinkakke yake so irin wanda takardarsa ta ambata. Bayan an haɗa, ka yi tafiyar mil 500 na farko a cikin gari kana yawan sauya giya a hankali ba tare da taka totur har ƙasa ba, sannan ka kama hanyar Dallas.