Inda Ake Saka Kiɗa a Gem ɗin Harbi

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa na ce ka cire kiɗan da ka ɗora wa gem ɗin harbin da ɗaliban nan na Yelwa suka kawo mana, alhali kai da su duk kun ce ya yi daɗi. Ya yi daɗi kam, kalangun ma ya zauna. Sai dai ka shimfiɗa shi tun daga farkon faɗa har ƙarshe, a nan matsalar take.

Gem ne da mutane ke kara wa juna, kowa da idon ɗan wasansa yake gani, abin da ke gabansa kaɗai. Bayansa da gefensa da bayan katanga, kunne ke tsare masa. Taku, sauya gidan harsashi, dirar mutum daga kan rufi, da su yake sanin inda abokin gaba yake. Kunnen ɗan Adam ya fi kaifi tsakanin 2,000 zuwa 5,000 Hz (ma'aunin kauri ko siririn sauti), a nan kaifin taku da ƙarar ƙarfen bindiga ke fitowa, a nan kuma kacau-kacau ɗinka da tafin da ka jera suka cika. Wanda aka harbe ta baya saboda bai ji taku ba, ba zai yaba maka ba. Kashe kiɗan zai yi gaba ɗaya, aikinka ya tafi a banza.

Dubi gem ɗin harbi Counter-Strike, wanda ya faro tun 1999. Da an shiga faɗa kiɗa yake ja da baya. Amma idan aka dasa bam, sakan 40 yake yi kafin ya tashi, kwance shi kuma sakan 10 ne hannu biyu, 5 in kana da kayan kwancewa. Sai masu gem ɗin suka sa wani kiɗa na daban da ke shigowa idan saura sakan 10. Da ka ji shi ka san lissafinka: in ba ka da kaya, gudu ya rage maka. Shi ya sa 'yan wasa da yawa kan kashe sauran kiɗan su bar wannan. A ganina babu kiɗan gem da ya kai shi cika aikinsa, don yana tsinka zuciya kuma yana ba da labari a bugu ɗaya. A 2014 suka fara sayar da kiɗan da mutum zai zaɓa, wanda ya fi kowa bajinta a zagaye a buga nasa kowa ya ji, kamar yadda makaɗa ke yi wa ɗan dambe takensa. Lura da lokacin: bayan an gama zagayen.

Masu gem ɗin Overwatch na 2016 ma har ɗaga ƙarar takun abokin gaba suka yi sama da na ɗan ƙungiyarku.

Inda kiɗa ke samun sarari sosai shi ne irin Left 4 Dead na 2008, mutum huɗu sun haɗa kai a kan dodanni, babban dodo kuma da kiɗansa yake fitowa. Na yaran nan ba haka yake ba.

Za ka ce to yanayin fa, kada fili ya zama kango? Fili ne zai ba da yanayinsa. Tunda tsohuwar unguwa mai lunguna suka zana, ɗauki rakoda ka fita. Kamo hayaniyar kasuwar Muda Lawal daga nesa, iskar hunturu a jikin kwanon rufi, kukan kurciya, wucewar keke napep. Ka ajiye su ƙasa-ƙasa, kada su taɓa wurin taku. Ka kula da amsa-kuwwa kuma: harbi a cikin zaure daban yake da harbi a fili, taku a kan yashi daban da na siminti. Wannan ma labari ne ga mai wasa.

Kalangunka kai shi shafin farko inda ake jiran abokan wasa, ka yanko sakan biyar na buɗe zagaye, ka yi gajeru biyu, na nasara da na faɗuwa. Kada ka gwada a manyan sifikun studiyo kaɗai, don masu bugawa waya ce a hannunsu da iyafis mai araha, wataƙila janareta na ruri a gefe, bes ɗin da kake ji a nan ba zai isa gare su ba. Gobe ka sa ɗaya daga cikin ɗaliban ya rufe ido, ka sako taku ta hagu, ta dama, ta baya, ya riƙa nunawa da hannu. Duk inda ya kuskure, ka rage abin da ke kan takun ka sake gwadawa.