Wanne za a ware wa farauta?

Ka tambaye ni a cikin kwiyakwiyan nan shida da jar karya ta haifa wanne za ka ware wa farauta, har ka ce ranka ya kwanta da baƙin saboda ya fi sauran ƙiba. To ɗana, ka yi gaggawa. Ko sati biyu ba su cika ba.

Ƙibar nan ta nono ce. Je ka tsuguna lokacin da suke sha ka gani: nonuwan baya, na wajen cinya, sun fi ruwa, wanda ya riga kama su shi ke yin kumatu. Wannan ba ya nuna ko zai bi sawun zomo. Karya na ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haife su makafi, kurame. Ido sai tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunne ya biyo baya. Kafin nan hanci da ɗumin uwa kaɗai suka sani, ko fitsari ba sa iya yi sai ta lashe musu ciki. Abin da zai dame ka yanzu sanyi ne, don jikinsu bai iya riƙe ɗumi ba, ka kuwa san iskar asuba ta hunturun Zariya. Shimfiɗa musu buhun algarara, ka tare bakin ɗakin da zana. In ɗaya ya ware gefe yana ta kuka, taɓa shi. In ya yi sanyi, ɗumama shi cikin rigarka tukuna ka mai da shi kan nono.

Daga sati biyu ka fara maganin tsutsa, ka maimaita duk bayan sati biyu, domin tun a cikin uwa suke ɗauko ta. A sati uku za su miƙe suna tangal-tangal, haƙora su fara tsirowa, nan da 'yan kwanaki ka sa musu kunu mai ruwa-ruwa da ɗan garin kifi.

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, amma Larabar kwikwiyo sai sati shida zuwa bakwai. A lokacin ka samo busasshiyar fatar zomo, ka ɗaura mata igiya, ka ja ta a tsakar gida ka ɓoye ta bayan turmi, sannan ka sake su. Za ka ga wanda zai fito da haushi yana ture 'yan uwa, ya zagaya ya manta abin da ya fito nema. Masu saye shi suke so, kuma ba laifi, gadi zai yi. Za ka ga wanda zai maƙale a bakin ƙofa, wutsiya tsakanin ƙafafu. Sai kuma wani, sau da yawa ba shi ne babba ba, da zai kafa hanci a ƙasa shiru, ya bi inda fatar ta wuce, ya ɓace, ya dawo baya ya sake ɗauka, har ya isa turmin. In ya kama, ja igiyar kaɗan ka ga ko zai saki. Bayan haka matsa nesa, ka tsuguna ka yi masa fito. In ya bar fatar ya taho, shi nake so. Kare mai hanci da ba ya jin kira, kansa yake yi wa farauta, malamai ma sun ce abin da horarre ya kamo wa ubangidansa shi aka halatta a Suratul Ma'ida.

Kada ka yi gwajin sau ɗaya ka yanke hukunci, kwikwiyo mai jin barci ko yunwa zai ba ka amsar ƙarya. Matsoracin nan ma kada ka yar da shi. Tsakanin sati 3 zuwa 12 abin da kwikwiyo ya saba da shi ba ya tsoronsa in ya girma. Ka riƙa ɗaukarsu kullum, su ga awaki da kaji, su ji ƙarar babur da hayaniyar yara. Wanda aka kulle a kango duk tsawon lokacin nan shi ke tashi da firgita, mai firgita kuwa shi ke cizo.

Ko wa ya zo da kuɗi, kada ka raba su da uwa kafin sati takwas. A wasan kokawarsu suke koyon ƙarfin baki: ɗaya ya ciji da zafi, ɗan uwan ya yi ƙara ya bar wasan, uwa ta danne mai rashin ji. Mu ba mu iya koya musu wannan ba.

Sati shida zuwa takwas kai su asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a fara allurar parvo, ciwon nan mai amai da gudawar jini da ke share ɗaki guda. Kafin su gama ta, kada su taka titi inda karnukan unguwa ke yawo. Ta ciwon hauka a wata uku ake yi. Daji kuwa sai sun sake haƙora, wajen wata shida, mu bi da su fadamar Galma a bayan uwarsu.