Rini a gona da garke: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan kala suke, to bari mu fara da wadda ta fi haɗari.

Tambaya: Malam, irin masara mai jan kala ya yi min saura bayan shuka, in na wanke shi tas har jan ya fita zan iya ba kaji?

A'a ɗan'uwa, kar ma ka fara. Jan nan da kake gani ba shi ne maganin ba, rini ne kawai da kamfani ke haɗawa da maganin ƙwari ko na fumfuna don duk wanda ya gani ya san irin nan na shuka ne ba na ci ba. Rinin yana fita da ruwa amma maganin ba lallai ya bi shi ba. An taɓa ganin haka a Iraƙi a 1971, aka shigo da irin alkama da sha'ir da aka yi wa magani mai zaiba aka rina shi, ya iso a makare, mutane suka wanke suka ga kalar ta fita suka ɗauka shikenan, suka niƙa suka ci. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can. Sauran irin naka ka ɗaure shi a buhunsa nesa da yara da dabbobi, ko ka yi dashen gurbi da shi.

Tambaya: Na jiƙa ƙasar gonata na tsoma takardar litmas ta yi ja, in zuba farar ƙasa ne?

Dakata tukuna. Litmas magana biyu kawai ta iya, ja in da tsami, shuɗi in kishiyarsa ce, ba ta faɗa maka yawan tsamin, alhali yawan ne abin tambaya. Ma'aunin tsami da ake kira pH daga 0 zuwa 14 yake, 7 ne tsakiya, kuma yawancin amfanin gona sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7, in ya sauka ƙasa da 5.5 ne ake shiga matsala don alminiyam ɗin cikin ƙasa yana narkewa ya dinga ƙona saiwa, fosfaras kuma ya maƙale shuka ta kasa ja, sai kaga kana ta zuba taki gona tana kallonka. Nemi takarda mai kaloli da yawa wadda ke zuwa da jadawali a jikin kwalinta, ja ko ruwan lemo tsami ne, kore tsaka-tsaki, shuɗi zuwa shunayya ya haura 7. Ka ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban zurfin kamar santimita 20, ka cakuɗa, ka jiƙa da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ɗin ba), ba ruwan rijiya ba don shi kansa yana iya ɗauke da sinadarin da zai karkatar da kalar. Ka bari ya kwanta sannan ka tsoma, ka duba a hasken rana. In ka daɗe kana zuba takin yuriya ko amoniyam salfet duk shekara kar ka yi mamakin tsami. Adadin farar ƙasar da za a zuba kuma gaskiya sai ɗakin gwaji, don ƙasar laka tana cin ninkin abin da jigawa ke ci.

Tambaya: Wai akwai ruwan da ke nuna iri mai rai ne ko matacce?

Akwai, tetrazoliyam sunansa, wani Bajamushe Georg Lakon ne ya daidaita gwajin a shekarun 1940. Ruwan ba shi da kala. Ana jiƙa iri ya kwana, a tsaga ƙwayar masara a tsaye ta tsakiyar wurin da tsiro ke fitowa, a sa a ruwan cikin duhu na 'yan awanni, duk inda ke numfashi sai ya yi ja, mataccen wuri ya zauna fari. Amma karanta shi sai gwani, don in jan ya kama ko'ina ya bar wurin saiwa fari wannan irin ba zai tashi ba. A ganina ƙaramin manomi ba ya buƙatarsa, ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 7 ka ƙirga waɗanda suka tsiro.

Tambaya: Saniyata nono ya ragu amma hantsar ba ta kumbura ba.

Hajiya, a yi mata gwajin Kalifoniya na gano ɓoyayyen ciwon hantsa, tun 1957 ake amfani da shi. Faranti ne mai rami huɗu, kowane kan nono da raminsa, a tatsa kaɗan a zuba ruwan gwajin daidai yawan nonon a juya kamar daƙiƙa 10. Rinin ciki shunayya ne, yana ƙara duhu in nonon ya karkata daga yadda ya kamata, amma kaurin za ki fi sa wa ido, in ya yi yauƙi kamar majina to akwai ciwo a wannan ɓangaren, a kira likitan dabbobi.

Tambaya: Likita ya sa wa ɗan maraƙina wata 'yar takarda ruwan lemo a ido, idon ya koma kore, ba illa?

Ba illa, wani rini ne mai suna fuloresin. Lafiyayyen ido ba ya riƙe shi, inda saman idon ya ƙuje ne kawai yake kamawa ya yi kore shar, musamman in an haska da shuɗiyar fitila. Shi ɗin dai ne a asibiti ake yi wa mutum allurarsa ta jijiya, cikin daƙiƙu ya isa bayan ido a ɗauki hoton jijiyoyin jini a ga inda ke yoyo, masu ciwon suga sun san shi, fitsari ma yakan yi rawaya sosai na kwana ɗaya ko biyu. Ga maraƙin naka, in koren ya kama to akwai gyambo, kar ka ɗiga masa maganin ido mai sitiroyid ko da wani ya ce ya yi wa tasa aiki, yana hana gyambon warkewa har ido ya fashe. Ka ware shi a inuwa, ka rage masa ƙudaje don su ke kai ciwon ga sauran, kuma ka bari likitan ya sake sa rinin bayan 'yan kwanaki a ga ko koren ya ragu.